Maciji a gida da gona: yadda ake kauce wa sara, da abin yi idan ya auku

Wanda ke zaune a ƙauyen bakin daji ya san ba shi kaɗai ke da wurin ba. Birai na ɓarnar masara, jan-baki na sauka a kan gero, kura na kewaya garke cikin dare. Waɗannan duk hasarar dukiya suke jawowa. Maciji kuwa da rai yake tafiya, ko ya bar mutum da nakasasshen hannu ko ƙafa, kuma yawanci manomi ne, ko makiyayi, ko mace mai neman itace, wato mutanen da gida ya dogara da ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara a faɗin duniya, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Najeriya abin ya fi ƙamari a kwarin Binuwai da kewayensa: kudancin Gombe, Taraba, Adamawa, kudancin Filato da wasu sassan Bauchi.

Akwai maganin dafin da ke aiki. Abin da ke kai mutane kabari shi ne lokacin da ake ɓatawa tsakanin sara da isa wurin maganin, da kuma abubuwan da ake yi wa majinyaci a wannan tsakanin. Saboda haka rabin aikin nan tun kafin a yi saran ake yin sa.

Su wa ake zaune da su

Macizan dajinmu suna da yawa, mafi yawansu kuma ba sa kisa. Kaɗan ne ya kamata kowa a gida, har yara, ya iya ganewa.

Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kowane maciji kisa a wannan yanki. Ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, wato kamu ɗaya da 'yar ɗoriya. Launinta na ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo masu haske a jere a gadon bayanta, kanta ya fi wuyanta faɗi. In ta ji motsi ba ta cika gudu ba. Sai ta nannaɗe ta riƙa goga jikinta, wani sauti na fita kamar an yayyafa ruwa a zazzafan kasko. Duk wanda ya ji wannan sautin ya tsaya cak, ya gano inda take, ya ja da baya. Ta fi yawo daga magariba zuwa farkon dare, musamman bayan an ɗauke ruwa, da rana kuma tana fakewa ƙarƙashin duwatsu, dami da tarin ciyawa. Dafinta na cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, har jinin mutum ya koma tsararo, duk inda ya sami kafa sai ya yi ta zuba.

Kasa kakkaura ce, tana kai mita ɗaya, kanta faffaɗa. Ta dogara da yadda launinta ke sajewa da busasshen ganye, don haka ko ta ji tafe kake ba za ta gusa ba. Yawanci taka ta ake yi a kan hanya. Dafinta na jawo kumburi mai tsanani da bororo, nama kuma ya ruɓe.

Sai masu fasa kai, kumurci da gamsheƙa. Sunayen nan biyu suna musanya daga gari zuwa gari, abin lura shi ne akwai mai fesa dafi, akwai wanda ba ya fesawa. Mai feshin yana iya samun idon mutum daga nisan mita 2 ko fiye, kuma shi ne ke shiga ɗaki da dare neman ɓera da 'yan tsaki, ya sari mai barci. Saransa na ruɓar da fata da nama. Wanda ba ya feshin kuwa jijiyoyi dafinsa ke kashewa: fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, magana ta sarƙe, daga nan numfashi ya tsaya.

Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ƙaramin kai, da ke fitowa daga cikin ƙasa bayan ruwan sama. Samari kan raina shi su kama shi ta bayan kai, alhali yana iya zaro haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Mesa ba ta da dafi, ɓarnarta a kan kaji da 'yan awaki take, sai dai cizonta na yin rauni mai zurfi da ke buƙatar wanki a asibiti.

Gyaran gida

Maciji ba mutum yake nema ba in ya shigo gida. Abinci ya kawo shi, wato ɓera, kwaɗo, ƙwai da 'yan tsaki, ko kuma neman wurin ɓuya mai sanyi. In aka raba gida da waɗannan, an rage masa dalilin zuwa.

A fara da ɓera, don shi ne babban mai gayyata. Rumbu ya zauna a kan duwatsu yadda za a iya leƙa ƙarƙashinsa a share. Hatsin da aka sussuke a zuba a duro mai murfi, in a buhu yake a ɗora kan katako, a bar rata tsakaninsa da bango, kuma kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Bayan surfe ko sussuka a share tsabar da ta zube tun kafin dare. Kyanwa na taimakawa sosai. Mujiya ma haka, ɓera take ci kusan kowane dare, don haka korar ta daga bishiyar bayan gida saboda camfi hasara ce ga mai gidan.

Daga nan a kankare ciyawa a kewayen danga ko katanga, faɗin mita 2 zuwa 3, a bar ƙasa fili. Maciji ba ya son ratsa fili inda shaho da shirwa za su hango shi, in ma ya ratsa za a ga sawunsa da safe a san ta inda ya shiga. Tarin itace, kara, bulo da tsofaffin kwanon rufi a nesanta su da ɗakin kwana, a ɗaga su daga ƙasa a kan duwatsu. Itacen da za a yi tuwon dare da shi a ɗebo shi tun da hasken rana. Mata da 'yan mata da yawa a hannu ake saransu, wajen zaro itace daga tari da magariba.

Kaji kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko da ana tsoron ɓarawo ko muzuru. A yi musu akurki a gefe, a toshe ƙofofin iskarsa da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda yatsa ba zai shiga ba. A riƙa kwashe ƙwai kullum, kuma a haska ciki kafin a zura hannu. Gindin randa da makwararar wurin wanka suna tara laima, laima na tara kwaɗi. A ɗora randa a kan mazauni mai ɗan tsayi, a yi wa ruwan wanka hanya ya fice daga gida.

A cikin ɗaki, a bi bango a yaɓe duk tsagar da aka gani. Ramin ɓera a cusa masa tsakuwa tukuna sannan a liƙe da laka ko siminti, in ba haka ba ɓeran zai sake buɗe shi cikin kwana biyu. A duba ƙasan ƙofa: in ƙaramin yatsa na shiga, ƙaramar kububuwa ma za ta shiga. Ana yanko robar tsohuwar taya a buga da ƙusa a ƙasan ƙyauren, ta riƙa shafar ƙasa. Reshen da ke taɓa rufi a sare shi.

Kwanciya ita ce aka fi sakaci da ita. Gado mai ƙafa ya fi tabarma a ƙasa. In babu gadon, ko in zafin bazara ya sa an fito tsakar gida, a ɗaura gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare, kada a bar shi yana reto. Gidan sauron nan da ake rabawa don zazzaɓin cizon sauro yana tare maciji da kunama. Tocila ta kwana kusa da matashi, kuma babu mai sauko da ƙafa ko fita bayan gida da dare sai ya haska ya sa takalmi, bayan ya kakkaɓe takalmin. Ƙananan yara a tanadar musu fo a ɗaki.

Zuba kananzir, baƙin mai, toka ko albasa a kewayen gida ba ya hana maciji shiga. Baƙin mai ma rijiya yake gurɓatawa.

In aka ga maciji a ɗaki, a fitar da kowa, yara a gaba, a bar ƙofa a buɗe, a tsaya nesa da shi da aƙalla mita 3 saboda mai feshi. Macijin da aka bar wa hanya yakan fice, wanda aka ritsa a lungu shi ke sara. In ya zama dole a kashe shi, babba ɗaya ya yi da doguwar sanda, sanye da takalmi da tabarau, ba taron yara da duwatsu ba. Kan macijin da aka kashe, ko da an datse shi, yana iya sara bayan wani lokaci. Da sanda ake ɗaga shi, a binne a rami mai zurfi.

A gona da daji

Mafi yawan sara daga gwiwa zuwa ƙasa ake yin sa, musamman a ƙafa da idon sawu, sai hannu ya biyo baya. Wannan ya sa dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa shi ne babbar kariya. A saki ƙafar wando mai kauri a kansa, don in macijin ya kai sara ya cafki yadi. Ƙorafin da ake yi shi ne zafi da nauyi, kuma gaskiya ne. Wanda ba zai iya yini da shi ba, to ya sa shi a lokutan da haɗarin ya fi yawa: sammako, dawowar magariba, sharar gona, noman da ciyawa ta tashi, da kwasar amfani da kaka. Kuɗin takalmin bai kai na kwalba ɗaya ta maganin dafi ba.

Kaka na da haɗari na musamman. Gero da dawa da aka tara, gyaɗar da aka kife tana shan iska, harawa da karan da aka jingine, duk suna tara ɓeraye, kububuwa kuma na biyo su. Kafin a taɓa tari a bubbuga shi da sanda, a ɗan dakata. Sannan a sa sanda ko lauje a ɗago shi ta can gefen da ke nesa da kai, ka jawo shi wajenka, yadda damin zai zama tsakaninka da abin da ke ƙasa, shi kuma ya sami hanyar gudu ta gaba. In ka ɗaga ta gefenka, ka buɗe masa ƙofa a kan ƙafarka. Haka ake yi wa dutse da kututture. Damin itace ko na harawa da ya kwana a daji a ɗaga shi a yar da ƙarfi kafin a ɗora a ka, in an iso gida kuma a sauke a waje. Ta wannan hanya macizai da yawa ke shiga gida.

A kan hanya a bi tsakiya, a riƙa taka ƙasa da ƙarfi ana buga sanda, domin maciji na jin girgizar ƙasa, da yawansu za su kauce. Kasa ce ba za ta kauce ba, ita sai ido da tocila. In gungume ya tare hanya, ka hau kansa ka duba ɗaya gefen kafin ka sauka, kada ka tsallake kai tsaye.

Hannu ba ya shiga inda ido bai gani ba. Suri, ramin gafiya, kogon itace da ƙarƙashin dutse duk masaukin maciji ne. Yara maza masu farautar ɓera da kurege da rani su ne wannan ya fi shafa, kuma yaro da aka hana farauta yakan ɓoye saran don tsoron duka har sai jini ya fara fita. A gaya musu a fili cewa duk wanda aka sara ya faɗa nan take, babu mai taɓa shi. Mata masu tsintar kaɗanya da farkon damina, a jihar Neja ko arewacin Ghana, suna fita tun duhun asuba don kada a riga su, suna lalube cikin ciyawa da hannu. A jira gari ya waye, a buɗa ciyawa da sanda kafin a sunkuya.

Ambaliya da gobarar daji suna koro macizai zuwa tudu da cikin gidaje. A makon da aka yi ɗayansu a ninka kula.

Shirin da gari zai yi kafin ruwa ya sauka

Ba kowane asibiti ke da maganin dafi ba, kuma daren da aka yi sara ba shi ne lokacin fara tambaya ba. Mai unguwa ko sarkin noma ya wakilta mutum ya je asibitocin da ke kusa ya tambayi abu huɗu: akwai maganin a ajiye, wane iri ne, nawa ne kuɗinsa, kuma akwai ma'aikacin da zai bayar da shi cikin dare? A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji, a Zamko kusa da Langtang ta jihar Filato ma akwai cibiyar da ta daɗe tana wannan aiki. Wanda ke nesa da su ya san babban asibitin da zai nufa. A rubuta lambar wayar ma'aikacin, a sake kira duk wata a tabbatar maganin bai ƙare ba.

A ware masu babur biyu da aka san za su tashi ko ƙarfe nawa ne, a ajiye musu galan na fetur da ba a taɓawa. A kafa ɗan asusu da kaka, lokacin da kowa ke da abin sawa, domin neman rance da sayar da akuya na cinye yini guda. A gidan mai unguwa a ajiye katako biyu na ɗori, tsummoki masu tsabta, biro, tocila da farasitamol.

Idan an yi sara

1. A janye mutumin daga wurin. Kada a tsaya neman macijin, ana samun sara na biyu a wajen nema, kuma likita da alamun jiki da gwajin jini yake aiki. In yana nan a fili, a ɗauki hotonsa da waya daga nesa.

2. A zaunar da shi ko a kwantar, a kwantar masa da hankali. A duba agogo a riƙe lokacin. Gudu da motsa gaɓar su ke tura dafi cikin jiki da sauri, domin duk motsin tsoka matsa shi yake yi zuwa sama.

3. A cire zobe, munduwa, agogo, kambu da takalmi daga gaɓar tun kafin ta kumbura. In ta kumbura zoben zai datse jinin yatsa.

4. A sa karan ɗori ko katako a ɗaure gaɓar yadda ba za ta lanƙwashe ba, har da gaɓar da ke sama da wurin saran da ta ƙasa. Ɗaurin ya zama sakwa-sakwa, yatsa na iya shiga ƙarƙashinsa, domin manufar hana motsi ce kawai. In hannu ne a rataye shi a wuya da ɗankwali. Bakin saran a rufe da tsumma mai tsabta, in yana zubar da jini a danne da tafin hannu.

5. A zana iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci, a sake bayan kowane rabin awa. Wannan zanen na nuna wa likita saurin da dafin ke yi.

6. A ɗauke shi, kada ya taka. Daga gona zuwa hanya a sa shi a kan ƙyaure, amalanke ko a goya shi. A babur mutum uku ake hawa: direba, majinyaci a tsakiya, da mai riƙe shi a baya, don yana iya suma. A mota a kwantar da shi a kan gefen jikinsa na hagu, saboda in amai ya zo kada ya shaƙe shi. A kira asibitin tun ana hanya.

7. In zafi ya yi yawa, babba ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada a maimaita kafin awa 6. Asfirin, ibufurofen da diklofenak haramun ne a nan, domin suna ƙara zubar jini, kuma suna cikin yawancin haɗin maganin ciwon jiki da ake sayarwa a kemis. Kada a yarda a yi masa allura a ɗuwawu a hanya: in jini ba ya daskarewa, wurin allurar zai tara jini a cikin nama.

In fatar idonsa ta fara sauka ko yawu na dalala, kada a ba shi komai ta baki. In numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a riƙa hura masa iska baki da baki, sau ɗaya duk bayan daƙiƙa 5 ko 6, ba tsayawa har asibiti. Irin wannan dafin naman numfashi yake kashewa, zuciya na nan tana bugawa, kuma sau da yawa mutumin na jin duk abin da ake faɗa.

Abubuwan da ke ɓata lamari

Ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba shi ne abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi, kuma ya jawo an yanke ƙafafu da yawa. Naman da aka hana jini na wasu awoyi mutuwa yake yi, ga dafin kasa ko kumurci an tsare shi wuri ɗaya yana cin naman. In an riga an ɗaure kuma asibiti na kusa, a bar ma'aikata su kwance da kansu, a gaya musu lokacin da aka ɗaura.

Tsaga wurin da reza, tsotsa da baki da kafa ƙaho ba sa fitar da dafi, domin ya riga ya shige cikin nama. Abin da suke yi shi ne buɗe sababbin ƙofofin zubar jini ga mutumin da jininsa ba ya tsayawa, da shigar da datti. Baƙin dutsen da ake mannawa ƙonannen ƙashi ne, yana manne wa duk wuri mai danshi, ba ya zuƙo dafi. Jiƙon da ake ɗura wa mutum don ya yi amai na iya fasa masa jini a ciki, in kuma haɗiyarsa ta fara mutuwa ya wuce masa huhu.

Mutane za su ce ai wane ya sha maganin gargajiya ya tashi, kuma ba ƙarya suke ba. Dalilin shi ne macizai da yawa ba su da dafin kisa, masu dafin ma wani lokaci suna sara ba su zuba komai ba. Waɗannan za su warke ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Matsalar ita ce a gida babu mai iya bambance su da wanda dafi ya shiga jininsa. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya, a yi su a kan hanya.

Mafi haɗari duka shi ne a ce bari a ga abin da hali zai yi. Wanda kububuwa ta sara yakan ji zafi da kumburi da kaluluwa, amma yana magana, yana cin abinci, har ya ce ya ji sauƙi, alhali jininsa ya daina daskarewa tun awoyin farko. Daga baya sai a ga jini a dasashi, ko haɓo, ko jini a fitsari da yawu, ko tsohon miki ya fashe. Ciwon kai mai tsanani, ruɗewa ko mutuwar ɓarin jiki alama ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma hakan na iya faruwa bayan kwanaki. In ba a yi magani ba, cikin mutum 100 da dafin kububuwa ya kama, 10 zuwa 20 na mutuwa. Da maganin da ya dace a kan lokaci, ƙalilan ne ake rasawa. Ko an yi kwana biyu ko uku ana jinkiri, a tafi: muddin jini bai dawo daidai ba, maganin na da amfani.

Dafi a ido

In kumurci ya fesa wa mutum dafi a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa. A kwantar da shi, a buɗe fatar idon da yatsu ko da yana matsewa, a riƙa tsiyaya ruwa daga buta ta gefen hanci yana gangarawa waje, minti 15 zuwa 20, yana juya ƙwayar idon. In babu ruwa a kusa, madara ta wadatar. Kada ya murza, kada a ɗiga ruwan ganye, lemun tsami ko kananzir. Bayan wankin a je asibiti a ranar, domin dafin na ƙuje fatar ƙwayar ido, in ƙwayoyin cuta suka shiga wurin ana iya rasa idon. Dafin da ya sauka a lafiyayyar fata wankewa kawai ake yi.

A asibiti

Gwajin farko mai sauƙi ne. Ana ɗibar jini kimanin mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba girgizawa har minti 20, sannan a karkata. In ya daskare, to. In ya kwarara, dafi ya kama jini, sai magani. Dole gilashi ne, domin a roba ko a kwalbar da aka wanke da omo lafiyayyen jini ma na iya ƙin daskarewa. Gwajin ya samo asali ne daga aikin da likita David Warrell da abokan aikinsa suka yi kan saran kububuwa a arewacin Najeriya a shekarun 1970, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. In gwajin farko ya fito lafiya ana maimaita shi, domin dafin kan ɗauki lokaci kafin ya bayyana. Shi ya sa ake riƙe duk wanda aka sara aƙalla awa 24.

Maganin dafi ta jijiya ake ba da shi, ba a wurin saran ba. Daga cikin waɗanda aka yi musamman da dafin macizan Najeriya akwai EchiTAb-G, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika, wanda ya haɗa kububuwa, kasa da kumurci mai feshi. In an ce ku sayo a waje, ku karɓi sunan a rubuce daga likita, ku duba ranar lalacewa da jerin macizan da ke jikin kwalin. Maganin da aka yi don macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu, an kuma yi hasarar rayuka ta wannan hanya a Afirka ta Yamma.

Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, domin macijin bai rage dafi don yaro ne ba. Mai juna biyu ma ana ba ta, jinkiri ne ke jawo ɓari da zubar jini. Wasu jikinsu kan yi gardama da maganin: ƙaiƙayi, borin jini, tari, rawar ɗari ko sarƙewar numfashi. Mai jinya ya zauna kusa a awa biyun farko, da ya ga haka ya kira ma'aikaci, akwai allurar da ke kwantar da shi, sannan a ci gaba. Bayan awa 6 ana sake gwajin kwalba, in jinin bai daskare ba a ƙara magani. Ƙarin jini na taimakon wanda ya zubar da yawa, amma ba ya maye gurbin maganin dafi, don dafin da ke jiki zai lalata sabon jinin ma. Allurar tetanus sai jini ya dawo daidai ake yin ta.

Kada a matsa a sallami majinyaci don kumburi ya fara saɓewa ko don aikin gona na jira. Bayan an koma gida, a dawo da shi nan take in jini ya sake fitowa a dasashi ko fitsari, in fitsarin ya ragu ƙwarai, ko wurin saran ya yi baƙi yana wari. Zazzaɓi, ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi da kan taso cikin mako ɗaya zuwa biyu yawanci daga maganin ne, kuma ana maganinsu cikin sauƙi a asibitin. Ya guji aski da reza, ƙaho, cire haƙori da aikin ƙarfi na mako biyu. Bororon da ya taso kada a fasa shi a gida. Da zarar ciwo ya lafa, ya fara miƙe gaɓar yana lanƙwasawa sau da yawa a yini, musamman yatsun hannu, domin gaɓar da aka bari a naɗe tsawon makonni takan sandare a haka, ta kasa riƙe fartanya.